Dira Muka Nufa, Dair Muka Je

'Yan matan da ke taruwa a ɗakina ranar Juma'a da yamma, a nan unguwar Manfuha ta Riyad, in an gama shan kunun gyaɗa sai hira ta koma kan aiki. Mai goge bene ta ce bayanta, mai girki ta ce yatsunta, mai rainon yara ta ce kunnenta. In aka zo kaina sai su ce, "Ke Maman Bashir ai hutu kike yi. Tsohuwa ɗaya tal! Ki zaunar da ita a keke, ki kunna mata talabijin, ku sha sanyin esi tare." Ni ba na musu, sai dai in ƙara musu kunu. Amma tunda Zulai, ƙaramarsu, ta ce ita ma aikin tsofaffi za ta koma don ta huta, na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani, da ɗan rubutuna na ajin yaƙi da jahilci, kafin ta je ta karya uwar wani.

A hannun Goggo Tabawa na koyi aikin nan, wata 'yar Haɗeja da ta riga mu zuwa Riyad da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Ranar farko ba ta kai ni wurin kowace tsohuwa ba. Buhun shinkafa ta ɗora a kan gadonta, ta yafa masa mayafi, ta ce, "Ga Hajiya nan. Sauko da ita ki kai ta banɗaki." Na sunkuya na rungumi buhu na sure shi, ina jin na burge. Goggo ta ce, "Kin karya bayanki, kin karya haƙarƙarinta, kuma ko sallama ba ki yi mata ba. Mayar da ita." Haka na yi ta yi wa buhun shinkafa sallama ina tambayarsa ya kwanan jiki, har sai da na iya. Gwiwa ake lanƙwasawa, ba baya ba. Ƙafarki ɗaya tsakanin nata. Kafaɗarki za ta riƙe, kada ki bari ta kama wuyanki, don in ta tsorata ku biyu za ku tafi ƙasa. Kuma ba a ɗaga mutum sai an gaya masa za a ɗaga shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Babba shi ne keke, kuma a jikin keke abin dubawa na farko birki ne, kafin gaisuwa ma. Sai jakata: man zaitun na shafa diddige da gwiwar hannu, tawul ƙanana, abin yankan farce, akwatin magani mai ɗaki-ɗaki, fulas na gahawa, dabino. Da ɗan madubi da kwalli. Waɗannan biyun ba likita ne ya rubuta su ba, amma ni da su nake auna jiki. Tsohuwar da ta ce a miƙo mata madubi, da sauran tafiya a gabanta.

Wanka kaɗai sana'a ce. A garin nan lokacin zafi, famfon sanyi shi ne mai ƙuna, don tankin yana saman bene yana shan rana tun safe. Sai ki kashe hita, ki buɗe famfon zafi, nan ne za ki sami mai sanyi. Kuma da gwiwar hannu ake gwada ruwa, don tafin mai aiki ya riga ya mutu, ba ya jin komai. Akwai wata da na yi wa aiki a unguwar Suwaidi, ba ta yarda a zuba mata ruwa sai an fara zuba wa ƙafata ta gani. Wata kuma a ƙarƙashin harshe take ɓoye magani, in na juya ta dasa shi a tukunyar fulawa. Fulawar nan ta sha maganin hawan jini har ta mutu.

Shekarar korona ce ta gwada mu. Gidaje suka rufe ƙofa, wadda ke ciki ba fita, wadda ke waje ba shiga. Ni ina waje. Tsohuwar da ke hannuna a lokacin, ta waya nake koya wa surukarta yadda ake juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ina riƙe da matashi a gaban waya ina nuna mata. Malam, maigidana, direba ne, shi ma motarsa tana ajiye tana tara ƙura. Na koma suyar ƙosai, 'yan ginin da muke bene ɗaya da su suna karɓa ta taga. Kafin a buɗe gari tsohuwar ta rasu.

Bayan nan ne na shiga gidan Abu Nayif, don in kula da mahaifiyarsa. Kowa a gidan Yumma yake ce mata, wato Inna a bakinsu, ni ma na bi sahu. Doguwar mace ce, ko a zaune ka san doguwa ce. Ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, aka yi aiki, ƙashi ya haɗe lafiya lau, amma ta ce ita da tsayuwa sun rabu. Likita ya faɗa a gabana: ƙafar nan ba abin da ya same ta, tsoro ne kawai, amma in har aka shiga sanyi ba ta fara takawa ba, jijiyoyin za su ƙage, daga keke kuma sai gado. Abu Nayif ya dube ni. Ni na dubi Yumma. Ita kuma ta dubi talabijin.

Ba abin da ban gwada ba. Aka sayo mata ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dafawa a taka, ta sa masa suna keji, ta mayar da shi wurin rataye mayafi. Na ajiye dabino nesa da ita, ta jawo farantin da sanda. Ga kunne ya yi nauyi, na'urar da aka saya mata kuwa tana cikin kofin gahawa, ta ce in ta sa ta ba abin da take ji sai muryar surukarta. Kanta ma yakan ɗan yi yawo. Da safe ta san farashin tumatir, da yamma ta tambaye ni ko an shigo da awaki.

Hirarta ɗaya ce kullum: dira. A bakin mutanen nan, dira ita ce garin da aka yanke maka cibiya. Tata wani ƙauye ne na laka a arewa da Riyad, mutanensa sun tashi sun bar shi tun 'ya'yanta suna ƙanana. In ta gama da dira sai ta kama Hissa, maƙwabciyarta. Tun suna 'yan mata suke gasa: wa ya fi ɗaukar ruwa daga rijiya, gurasar wa ta fi laushi, wa ya fi tsawo. Ban taɓa ganin Hissa ba, amma na san girman hancinta.

Da zafi ya kai inda yake kaiwa, gidan suka tashi zuwa Turkiyya, kamar yadda masu hali ke yi a nan don gudun rana, aka tafi da ni saboda Yumma. Muka sauka a wani gari tsakanin duwatsu, ko'ina kore shar, ga yayyafi, ga gajimare yana shigowa har bakin taga. Ni da na daɗe da barin Zariya, ganin ciyawa kawai sai da na yi hamdala. Yumma kuwa ta leƙa sau ɗaya ta ce ƙasar nan jiƙaƙƙiya ce, a rufe labule.

Wata safiya ana karyawa Abu Nayif ya ce wa iyalinsa, "Gobe za mu dair." Yumma, wadda ko an kira salla a kanta ba ta ji, sai ta ajiye cokali. "Dira?"

Gaskiya ni ma dira na ji. Sai dai ni tunanina ya tafi Dira ta Riyad, tsohuwar kasuwar nan da ake sayar da darduma da turaren wuta. Na aika wa 'yata Rukayya saƙon murya, na ce ashe nan ma suna da Dira, me zan sayo miki? Rukayya a Riyad aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta ƙiba. Ta dawo min da amsa tana dariya.

"La, Mama, la! Dair ya ce. Gida na ruhban. Mutane Kirista, zaman da, suna zama a dutse suna ibada, babu aure, babu mata, kullu maza. Yanzu gidan ya fashe."

Na ce, "Ya rushe, Rukayya. Tulu ne ke fashewa."

Sai na tuna ruhubanawan nan da malamai kan ambata a tafsirin azumi, masu barin gari su kaɗaita. Ashe kufansu za mu gani.

Goggo Tabawa ta hana ni yi wa tsohuwa ƙarya. Ta ce kan da ya tafi yawo yana dawowa, kuma in ya dawo ke zai fara tararwa. Don haka na kai bakina kunnen Yumma na ce, "Yumma, dair ne. Gidan ruhubanawa. Ba dirarku ba."

Ta ce, "Na'am, dira. Ciro min baƙar abayata mai zaren zinariya. Ina madubin nan naki?"

Tunda na shiga gidan ba ta taɓa neman madubi ba. Na ba ta, na je na sami Abu Nayif na gaya masa. Ya ce, "Ƙyale ta, ya Hawwa, kafin gobe ta manta." Da gari ya waye na tarar da ita zaune a bakin gado ta sa kwalli da kanta, ya ɗan karkace, tana jira.

Mota ta yi ta hawa da mu, hanya tana naɗewa a jikin dutse kamar rawani. Muka wuce wata tsohuwar gada ta dutse mai doro, an ce tun zamanin fatake take, ruwa yana kumfa a ƙarƙashinta. Muka wuce wata hasumiya da rabinta ya zube, itace ya tsiro a kanta. Yumma tana manne da gilashi. "Masha Allah! An yi ruwa bana a dira." Can kuma, "Wa ya dasa wa su Hissa itatuwan nan duka?" Surukarta ta buɗe baki, Abu Nayif ya girgiza mata kai.

Inda motoci ke tsayawa akwai 'yan rumfuna, matan ƙauye suna sayar da zuma da dafaffiyar masara. Daga nan hanya ce shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, tana hawa a hankali zuwa wata ƙofa mai baka. Abu Nayif da iyalinsa suka yi gaba sayen tikiti. Na saukar da Yumma cikin keke na fara turawa. Ba mu yi nisa ba ta buga hannun keken.

"Tsaya."

Na tsaya.

"Ba zan shiga dirar ubana a kan keke kamar buhun sha'ir ba. Hissa tana bakin ƙofar can, na san halinta. Tashe ni."

Na danna birki biyu. Na sa ƙafata tsakanin nata, na lanƙwasa gwiwa, na ce mata za mu tashi, kamar dai yadda na saba gaya wa buhun Goggo. Ta kama kafaɗata, muka miƙe. Ashe ta ba ni kai guda a tsawo. Ƙafafunta suna rawa, abaya tana rawa tare da su. Na miƙa mata hannu, ta make shi.

"A ce riƙe ni ake yi?"

Keji yana Riyad da mayafi a kansa. Sanda tana mota. Ta dudduba, sai ta lallaba ta zagaya bayan keken ta kama hannayensa. To keken da ba kowa a ciki ba abin dogara ba ne. In ka danna masa nauyi sai ya ɗaga gaba, a kan gangara kuma ya dawo ya buge ka. Tana dafawa ya ɗaga, na yi maza na danne shi da gwiwa. Ta dubi keken, ta dube ni.

"Zauna."

"Yumma?"

"Zauna, ya Hawwa. Ke ce marar lafiya. Ni na kawo ki."

Na dubi wajen masu tikiti. Mutumin da igamata, takardar zamana a ƙasar, ke hannunsa yana can, yanzu zai juyo ya ga 'yar aikinsa ta hakimce a keke, uwarsa mai karyayyen ƙugu tana tura ta a kan dutse. Amma in na ƙi, wurin zama ɗaya ne a nan, kuma na san wadda za ta koma kansa. Na yi bisimilla na zauna, na saki birki.

Zulai, ki karanta nan da kyau. Duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ban taɓa yin mai nauyin zaman nan ba. Hannuwana suna ƙarƙashin hijabi a kan ƙarfen taya, ni nake jan keken a hankali, daidai yadda za ta ji kamar ita ke turawa. In na yi sauri ya kufce mata ta kifa. In na yi sanyi nauyina ya koma kanta. In ta tsaya hutawa sai in riƙe tayar da ƙarfi, in kafa diddige a ƙasa, kada mu gangara baya. Kuma ba na ganinta. Da numfashinta a bayan kaina nake sanin lokacin tafiya da lokacin tsayawa. Duk gaɓar dutsen da taya ta faɗa, a kafaɗata nake jin ta.

Mutane kuwa sai darewa suke suna ba mu hanya. Wata mai masara ta biyo mu da gudu, ta ɗora min guda a cinya, ta shafa kaina tana addu'a da yarensu. Wani dattijo Balarabe ya tsaya ya ce, "Allah ya saka miki, ya Hajja, kina tura ta da kanki!"

Yumma tana haki ta ce, "Miskiniya ce. Ƙafarta ce." Sannan ta sunkuyo kunnena, da raɗar kurma wadda kowa ke ji: "Langaɓar da kai, ya Hawwa. Kin cika kama da mai lafiya."

Na langaɓar.

Daidai nan Abu Nayif ya juyo da tikiti a hannu. Na ga fuskarsa ta canza. Ya taho da sauri, ya buɗe baki, "Ya Haw..." Ban iya ɗaga hannu ba, don in na saki taya mun tafi. Da ido kawai na nuna masa ƙasa. Ya duba, ya ga takalman uwarsa, ɗaya yana wuce ɗaya a kan dutse. Sauran sunana ya maƙale masa. Ya zagaya bayanta ba tare da ta gan shi ba, ya buɗe hannuwa kamar mai korar kaji, yana biye da ita bai taɓa ta ba. Matarsa kuwa ta riga ta ɗaga waya.

Haka muka shiga ƙofar. Ba Hissa.

Ciki wani fili ne da ciyawa ta cinye, kangwaye sun kewaye shi, bango tsaye ba rufi. Ga ɗakunan kwanansu a jere, ƙanana kamar akurki, tabarma ɗaya ma sai an naɗe bakinta, kowanne da 'yar tagar da ba ta fi tafin hannu ba. Ga kwatar dutse da suka sassaƙa tun daga saman tsauni, har yanzu ruwa yana bin ta yana zuba a wani kwami, masu shi sun tafi shekaru ɗaruruwa shi bai ji labari ba. A tsakiya akwai babban ɗaki guda da ya tsira da rufinsa, kamar an kifa ƙwarya. Nan Yumma ta tura ni. Bangon duk zane ne, ya koɗe: dogayen mutane masu gemu da manyan idanu, kowanne da abu kamar faranti a bayan kansa.

Yumma ta saki hannu ɗaya ta ja nikabinta ƙasa. "Maza."

Sannan ta miƙa hannu ta shafa bango.

"Dutse," ta ce. "Mu da laka muke gini." Muryarta ta dawo irin ta safe, wadda ta san farashin tumatir. "Ina ne nan, ya Hawwa?"

Na juyo na ɗaga murya. "Dair ne, Yumma. Gidan ruhubanawa. Na gaya miki jiya."

"Kin gaya min?"

"Na gaya miki."

"To ba ki faɗa da ƙarfi ba." Ta ja numfashi. "Tashi min a keke."

Nan gizo ke saƙar. In na tashi ta zauna, kuma wadda ta tashi don Hissa ta tarar ba Hissa, ban ga abin da zai sake tashinta ba. Na ce ta ɗan yi haƙuri ƙafata ta mutu, kuma ba ƙarya na yi ba, diddigena ya sha birki. Ina murza ƙafar na ce, kamar da kaina nake magana amma da ƙarfi, "Rukayya ta ce maza zalla suka zauna a gidan nan. Ba mace ko ɗaya."

"To wa ke yi musu girki?"

"Su da kansu."

"Ƙarya ne."

"Ga madafarsu can. Na ga allo da hoton tukunya."

Sai na ji hannayen keken sun motsa.

Madafar tana can ƙarshen fili, bangonta baƙi ƙirin har yau. Akwai tanderu a jikin bango wanda mutum zai shiga ya zauna. Yumma ta jingina keken da ni a jikin dutse, ta dafa bango ta leƙa ciki, ta fara duba aikin mutanen da suka riga kakan kakanta mutuwa.

"Bakin ya yi faɗi, wannan cin itace ne da shi. Hayaƙi ta ina yake fita? Ta can? Wallahi duk idonsu ya lalace. Ina wurin ajiye ƙullu? Ba mamaki suka gudu. Gida ba mace!"

Abu Nayif yana bakin ƙofa ya toshe baki da gefen ɗankwalinsa na maza, kafaɗunsa suna rawa.

Sai ta ga dutsen da ke gaban tanderun. Ya lotsa wuri biyu, sumul, daidai inda gwiwar mai gashi ke sauka. Ta daina faɗa. Ta ce, "Wannan ya daɗe yana ciyar da mutane." Ta ƙara kallonsa. "Allah shi ya san bayinsa."

A kan wani dakali na dutse ta zauna, ba a keke ba. Ta karɓe masarata ta ɓare tana ci, ta kira ɗanta da sunan da ta raɗa masa.

"Ya Salih. Ka ɗauko ni a jirgi ka kawo ni kufan wasu. Nawa kufan fa?"

Ya durƙusa ya ce in zafi ya sauka zai kai ta.

Ta ce, "Da ƙafata."

Da muka dawo Riyad aikina ya zama a tura ni. Kullum da hantsi daga ɗakinta zuwa falo, bayan la'asar kuma a tsakar gida. Surukar ta tura wa Rukayya hoton bidiyon dair, Rukayya ta nuna wa ubanta. Na dawo gida na tarar da Malam yana share hawayen dariya.

"Bazazzagiya! Ashe abin da kike fita yi kenan? Ni ina tuƙa mutane, ke ana tuƙa ki?"

Na ce, "Bakano, ai ba kowa ake ɗauka ba. Kai da wannan tumbin ko taya ba za ta juya ba."

Da ƙafar ta yi ƙwari na gwada sa buhun shinkafa a madadina, don in samu in tsaya a gefenta in ga yadda take taku. Ta tura shi sau ɗaya ta ce a cire, ba ya hira. Daga baya ta yarda ta dogara sanda, da sharaɗin ta mijinta ce marigayi, ba ta asibiti ba.

Sanyi ya shigo, Abu Nayif ya cika alkawari. Muka yi arewa, hamada hagu da dama, har muka iso gonakin dabino. Ga dira. Gidajen laka jajaye sun jingina da juna, wasu sun durƙusa, itatuwan rufi sun leƙo kamar azara. Sai na ga kamar cikin birnin Zariya bayan damina mai ƙarfi. Keke yana bayan mota, ba wanda ya ambace shi. Yumma ta shiga lungu da sandarta tana nunawa: nan ɗakin uwarta, nan rijiya, nan tanderunsu, ku duba bakinsa, haka ake yi.

Abu Nayif ya ɗauka Hissa ta daɗe da rasuwa. Wani mai ban ruwan dabino ya ce ina, tana nan, ga gidan ɗanta can na bulo a bakin gona. Muka tarar da ita a ƙofar gida tana shan hantsi, 'yar ƙaramar tsohuwa da bargo a cinya. A kan keke.

Yumma ta miƙo min sanda. "Ɓoye."

Ta gyara abaya, ta miƙe har sai da na ji bayanta ya yi ƙara. Ta wuce ta gaban Hissa a hankali, kai sama. Hissa ba ta motsa ba. Ta juyo ta sake wucewa, wannan karon da tari. Sai surukar Hissa ta fito ta gaishe mu, ta ce a yi haƙuri, idon Hajja ya tafi tun bara.

Yumma ta tsaya cak. Ta dube ni kamar ni na kashe idon. Sannan ta matsa gaban keken ta ce, "Ya Hissa."

Tsohuwar ta ɗaga kai. "Nura? Muryar nan ba ta mutu ba?" Ta miƙa hannu daidai inda fuskar mai zaune za ta kasance, sai ta taɓa ciki. Hannun ya yi sama yana lalube, ya wuce ƙirji, ya kai kafaɗa, ya ƙare bai kai fuska ba.

"A tsaye kike?"

"A tsaye nake. Da ƙafata na zo."

Hissa ta ce, "To zauna, kin tare min rana."

Aka kawo kujera. Yumma ta zauna da kanta, suka yi ta faɗa a kan gurasa har azahar, hannun wannan a cikin na waccan. Da aka kira salla ta dafa gwiwa ta tashi da kanta, ni ina gefe riƙe da sanda a bayana.

Keken yana nan har yau a gidan Abu Nayif, fulas da dabino muke ɗorawa a kai in za mu tsakar gida. Zulai, in har yanzu kina son hutun, ki zo ranar Juma'a da wuri kafin sauran. Na sa Malam ya sayo buhun shinkafa, mayafi kuma akwai. Ki shigo da sallama.